Yadda Za Ka Zaɓi Katakon Teburin Aikinka Na Farko A Kasuwar Katako Ta Gombe

Teburin aikin kafinta wahala aka yi shi ya sha. A kansa za a yi ta duka da guduma, a ja zarto, a tura filen (abin goge fuskar katako), gam ya zuba, fenti ya ɗiga. Abu uku ake nema a wurinsa: ya yi nauyi don kada ya riƙa gudu idan kana turi, ƙafafunsa su tsaya cak ba rawa, fuskarsa kuma ta zauna a shimfiɗe rani da damina. Na ukun nan shi ke kayar da yawancin masu koyo a garin nan, domin katakon da ke shigo mana daga dazukan Taraba da na Kudu da ruwansa yake zuwa, sannan ya haɗu da iskar hunturun Gombe. Saboda haka ni a wurina, katako mai araha da ya miƙe kuma ya bushe ya fi mai suna da tsada wanda aka sauke daga mota shekaranjiya.

Ka gama lissafi a gida kafin ka fita

Kusan duk katakon kasuwa tsawon ƙafa 12 ake yanko shi. Mutum zai ce to sai in yi tebur mai ƙafa 6, in raba kowane katako biyu, babu asara. Kada ka yi haka. Bakunan katako biyu kusan kullum a tsage suke, sai ka yanke inci 3 zuwa 6 a kowane gefe ka zubar. Ka tsara teburinka a kan ƙafa 5 da rabi, shi ne zai fita lafiya daga rabin katako.

Faɗi kada ya wuce inci 22 zuwa 24, iyakar inda hannunka zai kai ɗaya gefen ba tare da ka zagaya ba. Tsayi kuwa jikinka ne ma'auni. Ka tsaya da takalmin da kake aiki da shi, ka saki hannu, a auna daga ƙasa zuwa wuyan hannunka. Ga yawancin mutane yana faɗawa tsakanin inci 32 da 36. Idan kana shakka ka bar shi da tsawo, rage ƙafa abu ne mai sauƙi.

Hanya biyu ake yin saman teburin. Ta farko, a jera tu-bai-fo (katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4) a tsaye bisa gefensu, a manne su da gam su zama dunƙule ɗaya mai kaurin inci 3 da wani abu. Wannan shi ne mafi nauyi da ƙarko, amma yana cin rabi-rabi kamar 16, wato cikakkun katakai 8, kuma yana buƙatar dogayen ƙarafan matsewa da mai koyo ba kasafai yake da su ba. Ta biyu, a kwantar da tu-bai-sikis a kan 'yan gajerun katakai da aka gitta a ƙasa, a sa faffaɗan falanki a gaba da baya ya riƙe ƙafafu. Ita nake ba mai farawa shawara. Kayan da za ka rubuta mata su ne tu-bai-sikis 3 na sama (rabi huɗu za su shiga aiki, biyu su zama na ko-ta-kwana), tiri-bai-fo 1 wanda zai ba ka ƙafafu huɗu, falanki mai faɗin inci 12 guda 1, sai tu-bai-fo 3 na gicciye da ɗaurin ƙasa. Idan aljihu ya yarda ka ƙara tu-bai-fo ɗaya, domin a cikin bushewa wani zai murɗe ko da ka iya zaɓe.

Ka sa tef a aljihu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kasuwar katako kimar ido ba ta isa. Abin da ake kira tu-bai-fo sau da yawa bai cika inci 2 da inci 4 ba, kuma wanda aka tsaga a daji da injin hannu yakan yi kauri a wannan baki ya sirance a wancan. Bayan an goge shi a inji zai ƙara raguwa.

Wane itace?

A nan mutane suka fi ɓata lokaci da gardama, alhali zaɓin ba shi da yawa.

Obeche, farin katakon nan marar nauyi, kafintoci na son sa don zarto na ratsa shi ba wahala. Busasshensa bai kai kilo 400 a kowace kubik mita ba. Ka danna farce a jikinsa za ka ga shaida. Ga rashin nauyi, ga ƙwaro na son sa, ƙusa kuma tana saki a jikinsa idan ana yawan girgiza shi. Ya yi kyau a durowa da cikin kujera, amma ka bar shi a wajen wannan aiki.

Afara ta fi shi nauyi da ɗan ƙarfi, tana karɓar gam da ƙusa, kuma farashinta na talaka ne. Za ta yi saman tebur da falankin gefe. Rauninta gara da ƙwaro, don haka sai an kula da inda aka ajiye ta.

Malaina ita ce nake ganin an raina ba bisa haƙƙi ba. Ba ta da nauyi sosai, amma idan ta bushe ba ta cika motsi ba, ba ta yawan tsagewa ko kumbura, filen kuma yana tafiya sumul a kanta. Aibinta ɗaya, tana riƙe ruwa a ciki fiye da yadda fuskarta ke nunawa. Za ka taɓa waje ka ji a bushe, ka yanka ka tarar da danshi. Wanda zai yi haƙuri da ita zai samu saman tebur mai zama lafiya da kuɗi kaɗan.

Maɗaci, wanda 'yan kasuwa ke kira mahogani, ja ne mai nauyi, kuma namu na nan Arewa ya fi na kurmin Kudu tauri. Yana yin ƙafafu masu kyau. Zarensa yakan sarƙe, wani ya bi nan wani ya bi can, sai filen ya riƙa ɓantaro shi idan bakin bai yi kaifi ba. Loko ma haka, gara ba ta cika damunsa ba, sai dai ƙurarsa tana sa wasu atishawa da ƙaiƙayi, kuma akan ci karo da wani abu mai tauri kamar tsakuwa a cikinsa da ke dakushe baki. Kawo ya fi su duka zama wuri ɗaya, nauyinsa ya kai ninki biyu na obeche, amma ƙusa ba ta shigarsa sai an huda, kuma zai gajiyar da hannun da bai saba ba. Idan ka samu guntun kawo ko maɗaci da ya isa ƙafafu huɗu a farashi mai sauƙi, ka ɗauka.

Madobiya kuwa ka bar ta. Sarar da aka yi mata a Taraba da sauran sassan Afirka ta Yamma don kaiwa ƙasar Sin ta kai ga an sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta kare namun daji da itatuwan da ciniki ke neman ƙararwa, ke sa wa ido tun 2017, daga baya a 2023 maɗaci da kawo ma suka shiga jerin. Dokar ta shafi fitarwa ƙasashen waje ne, amma ko ba doka, ɗora guduma a kan itacen da ke ƙarewa ɓarna ce. Turare, wanda ake shukawa da yawa a tsaunin Mambilla, yana da ƙarfi amma ya cika murɗewa da tsagewa wajen bushewa. Dogon yaro yana yin katako mai kyau, dangin maɗaci ne ma, sai dai kada wannan ya sa ka ɗauki gatari ka nufi na bakin titi. Jihar da ke fama da zaizayar ƙasa, har ta kafa shirin dashen itatuwa na 3G (Gombe Goes Green) a 2019, ba ta da inuwar da za ta ba ka kyauta.

A taƙaice dai, mai nauyi a ƙafafu, matsakaici a sama. Akwai ma hikima a saman da bai cika tauri ba: idan ƙofar da kake yi wa wani ta faɗo a kansa, teburin ne zai ji ciwo, aikin mutane ya tsira.

A cikin rumfa

Ka je da safe, kafin motoci su fara lodi, lokacin da mai rumfa ke da sararin sauraronka. Bayan gaisuwa ka faɗa masa gaskiyar abin da za ka yi, domin yawancin masu saye na rufin gida suke nema, kuma katakon rufi ba a damu da miƙewarsa sosai ba.

"Alhaji, teburin aiki zan haɗa, ba rufi ba. Wanda ya kwana biyu a rumfa nake so, ko da ya yi ƙura."

"To, samari, sai dai ka shiga can ciki ka tona da kanka. Na gaban nan jiya aka sauke su."

Amsar da kake so ke nan. Na can ƙurya, wanda ya yi fari-fari da ƙura, masu saye suka yi ta tsallake shi, shi ya riga ya yi motsin da zai yi. Wanda ya miƙe a cikinsu ya miƙe ke nan. Ka sallami yaron rumfa da ɗan abin shan ruwa ya taya ka ɗagawa, kuma ka mayar da abin da ka ƙi yadda ka same shi, saboda gobe ma za ka dawo.

Kowane katako ka ɗaga baki ɗaya zuwa idonka, ɗaya bakin a ƙasa, ka rufe ido ɗaya ka bi gefensa da kallo har ƙarshe. Sannan ka juya ka bi fuskarsa. Lanƙwasa kala-kala ce. Wanda ya yi baka kaɗan a tsawonsa ba matsala, tunda raba shi biyu za ka yi, lanƙwasar za ta ragu ƙwarai. Wanda fuskarsa ta lotsa a tsakiya, inji zai gyara amma zai ci kauri. Wanda ya murɗe kuwa, kusurwa ɗaya ta ɗaga ɗaya ta sauka, ka ajiye shi ko da kyauta ne. Idan idonka bai saba ba, ka kwantar da shi a daɓen siminti ka danna kusurwoyinsa. In ya yi rawa, ya murɗe.

Daga nan sai bakin katakon, wanda mutane ƙalilan ne ke dubawa. Ka goge ƙurar da hannu, ko ka ɗan shafa ruwa, za ka ga layukan girman bishiya. Idan ka ga ɗigon tsakiya da layuka suka kewaye shi, wato zuciyar bishiyar tana cikin wannan katako, to zai tsage daga nan, babu makawa. Wannan ya fi faruwa a tiri-bai-fo da fo-bai-fo da aka fitar daga ƙananan itatuwa, kuma su ne za ka yi ƙafafu da su, don haka ka tsananta a nan. In duk na kasuwar masu zuciya ne, gara ka manne tu-bai-fo biyu su zama ƙafa ɗaya. Mafi kyau shi ne wanda layukan bakinsa suka tsaya kusan a tsaye daga fuska zuwa fuska. Wanda nasa suka kwanta kamar bakan gizo shi ne zai lotsa.

Ka duba farin gefe. A maɗaci da kawo da loko, ɓangaren da ke kusa da ɓawo ya fi haske, kuma ba shi da ƙarkon jan cikin. Nan ƙwaro ke fara shiga. Ƙananan huji kamar na allura, da gari mai laushi yana zubowa idan ka buga, alama ce ƙwaron yana ciki da ransa. Irin wannan kada ya shiga gidanka, zai bi sauran kayanka. Ƙulli ƙarami da ya manne da jiki ba ya hana aiki, sai dai kada ya faɗo daidai inda za ka huda mahaɗa. Baƙin ƙulli mai motsi zai fice ya bar rami.

Wani abu kuma: katakon da aka riga aka tsoma a baƙin maganin gara don rufi, kada ka saya na sama. Gam ba ya kama shi, kuma zai ɓata duk farin katakon da ka ɗora a kai.

Gane ɗanye ba wuya. Ka ɗora bayan hannunka, ɗanye yana da sanyi ko da rana ta take. Ka ƙwanƙwasa da ƙarfe, busasshe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ɗanye kuwa dum. Idan an yarda a yanke maka ɗan baki, ka dunƙule garin zarton a tafinka. In ya dunƙule ya zauna, da saura. Kuma kada nauyi ya ruɗe ka, afara ɗanya tana iya fin busasshen maɗaci nauyi a hannu.

Bushewa, inda aikin yake

Ko wanda ya kwana biyu a rumfa ka saya, kada ka kai shi inji ranar. Dalilin shi ne, itace ba ya fara raguwa sai ruwan jikinsa ya sauka ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100, daga nan kuma yana ta ƙanƙancewa har ya daidaita da iskar wurin da yake. A tsakiyar hunturu iskar Gombe takan bushe har katako ya sauka ƙasa da kashi 10, a watan Agusta kuma ya sake shan danshi ya kumbura. Motsin a faɗi yake, tsawo kusan ba ya canjawa. Saman tebur mai inci 24 yana iya bambanta da kwata zuwa rabin inci tsakanin Agusta da Fabrairu. Shi ya sa ƙofar da aka haɗa da damina take buɗe baki a Janairu har ka hango tsakar gida ta tsagar.

Lokacin saye mafi kyau shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba. Ka bar hunturu ya yi maka aiki, ka haɗa a Fabrairu ko Maris.

Da isarka gida ka yanke tsagaggun bakuna, ka raba katakan kusa da tsawon da za su yi aiki, ka bar rarar inci 2 ko 3. Nan take ka shafe kowane baki da ragowar fentin mai ko narkakken kyandir. Ruwa ya fi saurin fita ta baki, kuma wannan saurin ne ke tsaga shi. Ka nemi inuwa mai iska, zaure ko ƙarƙashin rumfa. Rana kai tsaye a nan garin za ta farfasa fuskar cikin 'yan kwanaki. Ka ɗora a kan bulo ya tashi daga ƙasa kamar ƙafa ɗaya, ka tabbatar bulullukan sun daidaita, domin idan gindin ya karkace haka katakon zai bushe a karkace. Tsakanin kowane layi ka gitta siraran sanduna busassu masu kauri ɗaya, tazarar ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, kowace sanda daidai saman ta ƙasanta. A can sama ka danne da bulo huɗu ko biyar. Idan iskar ta yi tsanani, ka rataya buhu a gefen da take bugowa.

Yaushe ya isa? Sikeli zai gaya maka. Ka ware guda ɗaya daga tsakiyar tarin, ka auna nauyinsa, ka rubuta a jikinsa da fensir tare da kwanan wata. Duk mako ka sake. Da farko zai riƙa sauka da sauri, sannan a hankali. Idan ya yi mako biyu zuwa uku bai sauka ba, ya daidaita. Afara mai inci 2 takan yi wannan da wuri a hunturu, malaina da manyan ƙafafu za su ja ka. Duk lokacin awo ka leƙa ƙasan tarin, saboda gara ba ta sallama.

Daga inji zuwa haɗawa

Yanzu ka sake zaɓe. Ka shimfiɗa su duka, mafi miƙewa da tsabta ya zama na gaban tebur, inda za ka ɗaura bais (ƙarfen da ke matse aiki ya riƙe shi) kuma inda hannunka zai fi aiki. Masu ƙulli su koma baya ko ƙasa. Wanda ya murɗe a yanka shi gajeru ya yi gicciye.

A wurin masu inji ka ce a fara daidaita fuska ɗaya da gefe ɗaya tukuna, sannan a fitar da kauri, kuma duk na sama su fita da kauri ɗaya. A ci kaɗan daga kowace fuska maimakon a kwashe duka daga gefe guda. Ka tsaya a wurin ana yi. In ka dawo gida ka sake jera su a kan sanduna kwana uku ko huɗu, domin sabuwar fuska takan ɗan motsa.

Wajen kwantar da na sama, ka dubi layukan baki, ka sa ɓangaren da ke fuskantar zuciyar bishiya ya kalli sama. Haka in ya motsa, tsakiya ce za ta ɗan taso, gefuna su danne ƙasa, filen kuma ya share tudun cikin sauƙi. Idan a tsakiyar rani kake haɗawa, ka bar 'yar tazara kamar kaurin kwali tsakanin katako da katako, damina za ta rufe ta. In da damina ne, ka matse su sosai. Ramin noti ko sukurun da ke riƙe sama ka ɗan faɗaɗa shi ta gicciye don katako ya samu wurin motsi, kuma ka nutsar da kan kowane ƙarfe kamar rabin inci ƙasa da fuska, kada wata rana bakin filen ya same shi. Ƙafafu da ɗaurin ƙasa ka haɗa da noti mai zare maimakon ƙusa zalla, don in rani ya sassauta su ka ƙara ɗaurewa.

Maganin gara, Solignum ko baƙin man inji da aka juye, a ƙasan ƙafafu kawai za ka shafa, kamar inci 6 daga ƙasa, ka bar bakin ya sha sosai. In daɓen shagonka ƙasa ce, ka ɗora kowace ƙafa a kan tayil ko guntun siminti. Saman kuwa kada ka yi masa fenti mai sheƙi, santsi zai sa aiki ya riƙa zamewa. Ka goge da samfefa mai kaushi ka bar shi haka. Bayan damina ɗaya da rani ɗaya sun wuce a kansa, ka ɗora dogon ma'auni a fuskar ta tsawo da ta gicciye, ka share inda ya taso, ka bi notuna ka ƙara matsewa.